Shawara ga nas a Jidda da barci ya ƙaurace mata tun zuwan korona

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga Jidda a lokacin annobar korona:

"Assalamu alaikum. Ni nas ce daga Kano, shekarata ta huɗu ke nan a wani asibiti mai zaman kansa, a ɗakin kulawa ta musamman. Tun da korona ta shigo a 2020 nake jinyar masu ita. Yanzu da nau'in korona na Omikron ya kwantar da abokan aiki da yawa, an mayar da mu dutin dare biyar a jere, awa goma sha biyu kowanne. Ba na barci sai na sha Panadol Night, kwanan nan kuma wata ƙawata ta ba ni Xanax, ƙwayar kwantar da fargaba. Akwai wani dattijo da ya rasu a hannuna a 2020. Ina ɗaki na gaba bututun numfashinsa ya fita, kafin in sa kayan kariya in shiga, rai ya yi halinsa. Har yau ina jin ƙarar na'urarsa, ina mafarkinsa. Yanzu idan majinyaci ya rasu ba na jin komai. Yarana suna wurin mahaifiyata, in sun kira sai in ƙi ɗauka ko in yi musu faɗa. Wani lokacin nakan ce da ma in kwanta kar in tashi. Maigidana ya ce in ƙara addu'a. Ina tsoron zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa kada in rasa lasisi da iƙama, wato izinin zama. Imanina ne ya yi rauni? In ajiye aikin in koma gida?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri.

Za mu fara da maganar kwanciya kar a tashi, domin ita ce ba ta jira. Wanda gajiya da damuwa suka taru a kansa yakan yi irin wannan tunani, kuma galibi abin da yake so shi ne wahalar ta tsaya. Amma ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin san kowane magani da adadin da ke illa, kuma kina kwana da su a gabanki. Don haka ki yi wa kanki tambayar da za ki yi wa majinyaci: tunanin ya taɓa wucewa daga "da ma" zuwa "ta yaya"? Kin taɓa tara ƙwayoyi, ko zaɓar rana? In haka ta faru ko sau ɗaya, yau ɗin nan ki tafi sashen gaggawa ko ki kira 997, layin motar agajin gaggawa, kuma kada ki kwana ke kaɗai. In bai kai nan ba, duk da haka ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da ita a masaukinku kafin dutinki na gaba. Ki ba ta ajiyar magungunan da suka taru a ɗakinki, musamman Panadol Night, tunda farasitamol ne a ciki kuma kin san abin da yawansa ke yi wa hanta. Sannan ki kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, ko 920033360, layin shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Furta wannan magana ba ya ƙara mata ƙarfi. Tana yin ƙarfi ne idan aka bar ta a ɓoye.

Game da imani, amsarmu a'a ce. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a kuma kira shi mai raunin imani ba. Maigidanki ya yi gaskiya da ya ce ki riƙe addu'a, ki riƙe ta. Sai dai ke ma kin san ba ki taɓa cire wa majinyaci iskar oksijin don danginsa suna masa addu'a ba. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Abin da muka gani a wasiƙarki ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne suka haɗu, kuma kowanne da maganinsa. Na farko ƙonewar ƙarfi ce ta wurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a 2019 da alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci, da jin cewa ba ka tsinana komai. Rashin jin komai idan an yi rasuwa yana nan ciki. Zuciyarki ba ta bushe ba, ƙwaƙwalwa ce ta rage jin zafi don ki iya kaiwa ƙarshen duti, sai dai ba ta iya rage shi a asibiti kaɗai, shi ya sa muryar yaranki ma ta daina ratsa ki. Na biyu ciwon firgici ne da ke biyo bayan mummunan abu: mafarki, ƙarar da ke dawowa, zabura, guje wa abin da ke tuna miki. In waɗannan suka wuce wata ɗaya suna hana mutum sakat, likitoci na ɗaukarsu ciwo, ke kuwa sun fi shekara tare da ke. Na uku ciwon damuwa ne, kuma shi ne muke zargi saboda maganar da muka fara da ita. Hutu yana taimaka wa na farko. Na biyu da na uku ba sa tafiya da hutu kaɗai.

Ba ke kaɗai ba ce. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Saudiyya ranar 2 ga Maris 2020 a Ƙatif, a farkon Afrilu aka sa dokar hana fita dare da rana a Makka da Madina, aka yi Hajjin shekarar da 'yan tsirarun mutane. Ku da kuke cikin ɗakunan keɓewa ba ku samu ranar tsayawa ba. Nas-nas na Jidda ma da yawansu sun shigo korona da tabon cutar numfashi ta MERS da ta ratsa asibitocin garin a 2014. A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 zuwa 180,000 ne suka rasu da korona daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Wanda ya yi aiki a cikin wannan hali ya fito da rauni, rauni ne na aiki, kamar ciwon bayan da ɗaga majinyata ke jawowa.

Sai ƙwayoyin. Abin da ke sa barci a Panadol Night maganin ƙaiƙayi ne mai kawo gyangyaɗi, jiki kuma yana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki, sai ya bar miki nauyin kai da bushewar baki ba tare da barcin kirki ba. Xanax ya fi damun mu. Yana aiki da sauri, yana fita da sauri, fargabar ta dawo fiye da da, mutum ya ƙara wani. Ba ya warkar da ciwon firgici, yana ma iya kawo cikas ga jinyarsa. A Saudiyya kuma yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, riƙe shi ba da takardar likita ba laifi ne. In akwai abin da ke barazana ga lasisinki da iƙamarki a wasiƙar nan, to wannan ne. In sau biyu ko uku kika sha, ki bar shi daga yau. In kuwa kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya kawo karkarwa, rashin barci mai tsanani, har farfaɗiya. Ki ga likita cikin kwana biyu ko uku, ki faɗa masa adadi da tsawon lokaci daidai, ya rage miki a hankali.

Barci shi ne inda za ki fi saurin ganin canji, don haka za mu daɗe a kansa. Mu ɗauka dutinki daga bakwai na yamma ne zuwa bakwai na safe. Kafin daren farko ki kwanta minti 90 bayan la'asar. Ki sha gahawa ko Nescafe a farkon duti, kofi na ƙarshe kada ya wuce ƙarfe biyu na dare, saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsa yana kai awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Jimillarsa a rana kada ta wuce miligram 400, kusan kofi huɗu, ki kuma lissafa da baƙin shayi da lemon gwangwani mai sa kuzari, wanda ƙaraminsa ke ɗauke da kusan miligram 80. In ana ba ku hutu cikin dare, ki yi gyangyaɗin minti 20 da agogo. In ya zarce rabin awa za ki tashi kanki a ɗaure, kuma a irin wannan lokacin ake kuskuren lissafin magani. Tsakanin uku da biyar na asuba jiki ya fi rauni, to duk maganin da ke da haɗari, kamar insulin, hefarin da fotasiyam, ki sa wata ta sake dubawa tare da ke, ko da dokar sashenku ba ta tilasta ba.

Da kin fito ki sa baƙin tabarau. Ranar Jidda ta ƙarfe bakwai ta isa ta gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye, ta dakatar da sinadarin da ke kawo barci. A motar asibiti kada ki buɗe waya. Ki ci abu marar nauyi, ki yi wanka, ki kwanta kafin takwas da rabi. Ɗakin ya yi duhu sosai. In labule bai isa ba a manna baƙar leda ko kwali a taga. Ki kunna na'urar sanyaya ɗaki, ki toshe kunne da abin toshewa na kumfa da ake sayarwa a kantin magani, ki rufe sautin waya in ban da lambar mahaifiyarki. Ki yi awa huɗu da rabi zuwa biyar, ki tashi ki yi azahar, ki ci abinci, sannan ki ƙara awa ɗaya da rabi bayan la'asar. Haɗe, kin samu awa shida zuwa shida da rabi. In kin yi kamar minti ashirin a gado barci bai zo ba, ki tashi ki zauna a haske kaɗan ki yi tasbihi ko karatu har ido ya yi nauyi. Masu kwanciya suna juye-juye suna kallon agogo su ne gado ke zame musu wurin fargaba. Bayan daren ƙarshe ki yi awa uku ko huɗu kawai, ki fita ki sha rana da yamma, ki kwanta bayan isha kamar kowa.

Amma mu faɗa miki gaskiya: duk wannan dabara ba za ta rinjayi dare biyar a jere ba. Jiki magayi. Abin da masana aikin dare ke ba da shawara shi ne dare biyu ko uku na awa goma sha biyu, sannan a huta, kuma a bar aƙalla awa goma sha ɗaya tsakanin duti da duti. Ki nemi ganin shugabar sashenku a ofis, ba a tsaye wajen miƙa aiki ba, ki tafi da buƙata a rubuce. Kada ki ce "na gaji", domin kowa ya gaji kuma za a ce ki yi haƙuri. Ki ce kina neman kada darenki ya wuce uku a jere na tsawon mako shida, a kuma sauya ki zuwa ɓangaren da ba na masu korona ba na wani lokaci, saboda kina tsoron yin kuskure a kan majinyaci. Maganar lafiyar majinyaci ita ce shugabanni ke saurara. In ku uku ko huɗu ne kuka kai buƙatar tare, da 'yan Filifin da 'yan Indiya da 'yan Sudan na sashenku, ta fi nauyi. Ki kuma san haƙƙinki. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikacin kamfani hutun rashin lafiya a shekara: kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 babu albashi, in likita ya tabbatar. Hutun shekara kuma bai gaza kwana 21 ba.

Yanzu dattijon nan, Allah ya jiƙansa. Mutane za su ce miki "ba laifinki ba ne", ke kuma ba za ki yarda ba, domin ba su san abin da ya faru ba. Ki yi abin da ya fi wannan. Wata rana da kike hutu, da rana ba da dare ba, ki ɗauki takarda ki rubuta amsar tambayoyi huɗu: majinyata nawa ne a hannuna a daren? Me nake yi a ɗaki na gaba, kuma me zai faru da wancan majinyacin da na bar shi? Minti nawa ake ɗauka a cire kayan kariya na ɗaki ɗaya, a wanke hannu, a sa riga da takunkumin N95 da garkuwar fuska da safar hannu? Me na sani a lokacin, ba abin da na sani yanzu ba? A ƙa'ida nas ɗaya majinyaci ɗaya ko biyu take riƙewa a ɗakin kulawa ta musamman. A 2020 ƙa'idar nan ta karye a asibitocin duniya da yawa. Fitar bututun numfashi kuwa sanannen haɗari ne ko a lokacin da ma'aikata suka wadata: majinyaci ya farka ya fizge, ko ya zame wajen juya shi rub-da-ciki. Da kin shiga babu kariya, a lokacin da babu rigakafi, wataƙila da ke ma kin kwanta, sashen ya rasa hannu ɗaya. In kin gama rubutun, ki karanta shi kamar wata ƙanwarki a aiki ce ta kawo miki, ki ga hukuncin da za ki yanke mata. In akwai wurin da kika ga da an yi daban, ki kira shi da sunansa daidai girmansa, ki nemi gafarar Allah, ki yi wa mamacin addu'a ko sadaka. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. In rubutun ya tayar miki da hankali fiye da kima, ki ajiye, ki kai shi ɗakin mai ba da shawara ku yi tare.

Idan ƙarar ta taso miki a tsakiyar aiki, ki dafa ƙafafunki a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, na tsawon minti biyu. Tsawaita fitar numfashi ne ke rage bugun zuciya. Masu ja da ƙarfi da sauri jiri suke ƙara wa kansu. Sannan ki ambaci abu biyar da idonki ke gani, ki faɗi ranar yau da shekarar. Ki zaɓi abokiyar duti ɗaya ku riƙa tambayar juna sau biyu a dare: kin sha ruwa, kin ci, kin zauna? In kuma asibiti ya tara ku bayan wata rasuwa ya ce kowa ya ba da labarin abin da ya ji, ba dole ne ki yi magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama guda na tilas, domin ba ya hana ciwon firgici.

Zuwa wurin likita ba ya nufin an ce kin haukace. Ba sai a asibitinku ba. Ki duba inda inshorarki ke karɓa, ko ki nemi lokaci ta manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya. Saudiyya tana da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2014, kuma sirrin majinyaci yana cikin haƙƙoƙin da ta tanada. A zaman farko ki tambayi likitan kai tsaye me zai rubuta a takardar hutu, kuma wa zai gani. Kafin ki je ki cike PHQ-9, tambayoyi tara na auna ciwon damuwa kan makonni biyun da suka wuce. Maki 10 zuwa sama yana nuna a duba da kyau, amma ko nawa kika samu, tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ita kaɗai ta isa dalilin zuwa. Ki nemi a auna miki yawan jini da sinadarin ƙarfe, maƙoshi wato tayirod, sukari, da bitamin D da B12. Mace mai aikin dare da ba ta ganin rana takan rasa wasu daga ciki, kuma rashinsu yana kama da ciwon damuwa ko ya ƙara shi.

Maganin da ya fi aiki ga mafarkin da ƙarar nan shi ne jinya ta magana da ke fuskantar abin da ya faru kai tsaye, ko wadda ake kira EMDR, mai haɗa tuna abin da motsa idanu, galibi zama 8 zuwa 12, sau ɗaya a mako. Zama biyu ko uku na farko sukan yi nauyi, a nan mutane ke gudu, ki daure. In likita ya ga a haɗa da ƙwaya irin su sertraline, ki sani ba ta sa maye. Ana farawa da kaɗan, makon farko takan kawo tashin zuciya ko ɗan ƙarin fargaba, amfaninta kuma sai bayan mako biyu zuwa huɗu yake fara bayyana, ya cika wajen mako shida. Ana ci gaba da ita aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, a kuma sauka a hankali. Kuskuren da ma'aikatan lafiya suka fi yi shi ne su daina da kansu da zarar sun warware.

Yaranki ba sa bukatar doguwar hira. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, to ƙarfe biyar da rabi na yamma a Jidda, bayan kin tashi daga barcin la'asar, uku da rabi ne a Kano, sun dawo daga boko. Ki tsayar da minti goma a wannan lokaci, sau uku a mako, ke ce mai kira. Kiran da ke shigo miki tsakiyar barci shi ke jawo faɗan. Sauran ranaku ki tura saƙon murya. Mahaifiyarki da maigidanki kuma ki gaya musu a sarari: "Ba ni da lafiya, ina ganin likita, ku taya ni da addu'a, kuma a ɗan sassauta mini buƙatun kuɗi na wata biyu." Maigida zai fi gane maganar in kin kira ta ciwo mai suna da magani.

Batun ajiye aiki, shawararmu ita ce kada ki yanke shi a wannan watan. Wadda ta yi makonni ba ta samu barcin kirki ba, komai baƙi take gani, kuma ciwon firgici yana bin mutum har Kano. Ki ba barci da sauyin duti da likita mako shida zuwa takwas, sannan ki zauna da maigidanki ku duba. Kafin nan ki karanta kwantiraginki. Kwantiragin baƙo mai wa'adi ne, wanda ya karya shi kafin lokaci ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba ana iya neman diyya a wurinsa. Kuɗin sallama ma yana raguwa ga wanda ya ajiye da kansa: ƙasa da shekara biyu babu komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku. Tun Maris 2021 kuma ma'aikacin kamfani na iya neman sauya wurin aiki ta dandalin gwamnati na Qiwa bayan ya cika shekara, in ya cika sharuɗɗa, don haka akwai hanya ta uku tsakanin zama a wannan sashe da komawa gida: ƙaramin asibiti, ko sashen da ake zuwa a koma da rana.  In kuwa likita ya rubuta a sassauta miki duti asibiti ya ƙi, ko tunanin mutuwa ya ƙaru duk da magani, to kada ki jira mako shidan ya cika. Ki karɓi hutun rashin lafiya nan take, ki bar maganar kwantiragi sai kin samu kanki.